Lemar Malama Lin

Abin da Saffana ta fi so a duk zamanta na Guangzhou bai wuce minti goma sha biyar ba. Bayan sallar asuba mijinta Mas'udu zai kwanta rubda ciki a kan kafet, ya ce, "Zo ki taka ni." Sai ta dafa bango ta hau bayansa, tana bi da diddige daga kafaɗa zuwa ƙugu, kamar yadda ta taso tana ganin ana yi wa kakanta a Yakasai. Ƙashi ya ce ƙas, shi ya ce wash, ita ta ƙyalƙyale da dariya. Sauran yinin na 'yan kasuwa ne: ɗauko diloli daga kasuwar Shahe, awo, ɗauri, kai wa jirgi a filin jirgin saman Baiyun. Amma wannan ɗan lokacin nata ne ita kaɗai. Tun da dilar atamfa ta faɗo masa bara, har ya koma yin salla a kan kujera yana ɗan shekara talatin da huɗu, Saffana ta ɗauki ƙafafunta a matsayin maganinsa.

Kwatsam sai ya daina kiranta.

Wata biyu ke nan. Yana shafa addu'a zai naɗe wata tabarmar roba ruwan hoda ya saɓa a kafaɗa, ya ce ya tafi yoga a lambun unguwa. Ba fitar ce ke cin ranta ba, dawowar ce. Mutumin da ta sani da ɗaure fuska da safe, ga shi yana shigowa fuska a sake, yana shan shayi a hankali kamar wanda aka yi wa albishir a hanya. Shekara guda tana fama ba ta samo masa wannan kwanciyar hankalin ba. To wa ya samo masa?

Ranar Talata ta ji amsa. Yana wanka saƙon murya ya shigo wayarsa, ta danna. Muryar mace ce, siririya, da Sinanci. Ba ta gane komai ba sai sunansa, da aka ja shi aka lanƙwasa kamar alewa.

Da hantsi ta haura bene wurin Habsatou, 'yar Maradi mai sarin mayafai, wadda ta girme ta da shekara goma kuma ba ta iya ɓoye dariya ba.

"Yaya Habsatou, mene ne yoga ɗin nan tsakani da Allah?"

"Motsa jiki ne, ƙanwata. A miƙe, a lanƙwashe, a ja numfashi. Ni ma na je sau biyu, gwiwata ta ce meyo, wato babu." Ta kaɗa hannu irin na masu shago idan kaya sun ƙare.

"Mai koyarwar mace ce?"

"Lin? Mace kai! Doguwa, kamar an zana ta." Habsatou ta leƙa fuskarta ta tuntsire. "Wayyo, madam ta kamu! Kin ga idonki kuwa?"

"Tana taɓa su?"

"To da me za ta gyara musu tsayuwa, da addu'a? Nan ta dafa kafaɗa, nan ta danna ƙugu."

Ƙugu. Saffana ta sauko benen tana jin kalmar tana bin ta mataki bayan mataki. Ita da ta san kowane ƙashi na bayan nan da tafin ƙafarta!

Washegari ta bar shi ya yi gaba, ta zura hijabi ta bi shi. Gari bai gama wayewa ba amma gumi har ya fara. Ta wuce tsofaffi masu rawa da mafici, ta wuce mai dafa ƙwai a shayi, ta laɓe bayan wata bishiya mai saiwoyi a rataye. Ga masu yogar nan a kan ciyawa, sun kai goma sha biyar. Ga Lin a gaba, kuma Habsatou ba ta yi ƙarya ba, har ma ta rage. Saffana ta so a ce tana da ko da haƙori ɗaya a karkace.

Suka fuskanci mafitar rana suka haɗa tafuka a ƙirji. Abin ya yi mata kama da bauta. Amma Mas'udu bai bi su ba. Ya ja da baya ya zauna a gefen tabarmarsa, bakinsa yana motsi, ta san azkar ɗin safiya yake yi. Sai da suka gama ya tashi ya shiga sahu.

Lin ta fara zagayawa. Ta dafa wata tsohuwa, ta gyara wuyan wani mai tumbi. Tana dosar Mas'udu, Saffana ta damƙe hijabinta. Sai ta ga matar ta sunkuya ta ɗauki wata doguwar lema a naɗe, ta tsaya nesa da shi, ta ɗora kan lemar a tsakiyar bayansa ta faɗi wata kalma. Ya sauke numfashi. Bayan ya miƙe sumul.

Ya kamata hankalinta ya kwanta. Bai kwanta ba. Da lema kawai! Da tsinin lema matar nan ta san inda ciwon yake, ta san lokacin da ya riƙe numfashi. Kafin ta ankara ƙafafunta sun fito da ita fili.

"Sannu da ibada, Yallaɓai."

Mas'udu ya ɗago a firgice. "Saffana? Lafiya?"

"Lafiya lau. Na zo in ga wadda ta gaje ni ne."

Ya ja ta gefe, kunya ta rufe shi, tsofaffin kuwa har sun daina numfashin sun zuba ido. "Ki rufa min asiri. Tun ranar farko na gaya mata babu macen da ke taɓa ni sai matata. Shi ya sa take zuwa da lema ko ba hadari."

"Ni ba lema na tambaye ka ba. Me ya sa ka daina cewa in taka ka?"

Ya kalli ciyawa, ya kalli sama.

"Faɗa min."

"Likita ne ya hana," ya ce a hankali. "Da aka ɗauki hoton bayan, ya tambaye ni ko ana ɗora min nauyi. Ya ce takun nan yana ƙara matse wurin. Ya ce in na ci gaba, wata rana ba zan tashi ba."

Ƙarar rediyon masu rawa ta yi mata nisa. Ta kalli ƙafafunta da ke cikin silifas, da jan lallen da ta sa saboda shi.

"Shekara guda ina ji maka ciwo? Kana cewa wash, ni ina dariya?"

"Dariyar ce ta sa na kasa faɗa. Duk garin nan a nan kaɗai nake jin kin yi ta."

Hawaye suka zubo mata, na haushi da na wani abu daban. "Shi ne ka kawo bayanka wurin wata."

"Na kawo shi ne don in yi sujada, Saffana. Kin san yadda nake ji ranar Juma'a a masallacin Huaisheng? Dattawa masu furfura suna kai goshi ƙasa, ni ina layin kujeru. Su a wurinsu yoga hanya ce ta haɗa jiki da numfashi da zuciya wuri ɗaya, wasu ma ibada suka ɗauke ta. Na tambayi malami, ya ce in ɗauki motsin in bar abin da ya yi kama da bauta. Kuma wallahi tun da na koyi bin numfashina, in na ta da kabbara hankalina ya rage tafiya wurin kwalaye. Jiya na kusa kaiwa ƙasa. Saura kamar tafin hannu."

"Ita ta san saura tafin hannu. Ni ban sani ba."



Lin ta matso tana murmushi, ta yi magana tana nuna Saffana. Mas'udu ya sosa ƙeya. "Ta ce ko ke ce matar tawa. Wai ta gaji da lema, lema ba ta jin inda tsoka ta ɗaure. Akwai miƙewar da sai an riƙe min ƙugu da hannu, wata biyu ke nan ta kasa koya min. Tana tambaya ko za ki ara mata hannuwanki."

Saffana ta share ido da bakin hijabi. Ta dubi matar sama da ƙasa, ba ta mayar da murmushin ba.

"Gaya mata ba aro ba ne. Hannuwana ne, a kan mijina."

"Ba zan fassara wannan ba."

"To durƙusa."

Ya durƙusa a kan tabarmar. Lin ta nuna wurin da kan lema, Saffana ta ture lemar da bayan hannu ta ɗora tafukanta biyu. Ɗumin jikinsa ya ratso rigar. Lin ta yi alama a hankali, a hankali, ta ja numfashi don ta gani. Saffana ta jira har ta ji bayan ya cika ya taso a ƙarƙashin hannunta, sannan da ya fara sauka ta bi shi, ba dannawa, rakiya kawai. Sau ɗaya. Sau biyu. A na biyar goshin Mas'udu ya taɓa tabarma.

Bai ɗago ba. Kafaɗunsa suka fara rawa, ta ji yana faɗin alhamdulillahi cikin roba. Tsofaffin suka yi tafi. Lin ta ɗaga babban yatsa.

"Shiyeshiye," in ji Saffana, godiya a taƙaice da Sinanci, don kada a ce ba ta da tarbiyya. Sannan ta sunkuya daidai kunnensa. "Gobe tare za mu zo. Kuma ka gaya mata ta daina ja maka suna a waya."

Da za su tafi, ita ta naɗe tabarmar ta rungume. Lemar tana nan yashe a kan ciyawa, ta tsallake ta ba ta waiwaya ba.