Kolam ɗin da Kayal Za Ta Ci

Kowa a layin ya san masu cin kolam, zanen garin da Thenmozhi ke yi a ƙasa a ƙofar gidanta kowace asuba: tururuwa, 'yan tsuntsaye, sai 'yarta Kayal. Tun da yarinyar ta fara rarrafe, zanen asuba bai ƙara kai hantsi lafiya ba. Sai ta sulalo daga dakali, ta dangwala yatsa a layi, ta kai baki, ta lumshe ido kamar an ba ta zuma. Thenmozhi ta yi tsawa har ta gaji ta bari. Garin shinkafa ne, ita ta wanke, ita ta kai niƙa. Abin da tururuwa ta ci ta kwana lafiya ba zai kashe 'yar mutum ba.

Ana jajiberin Pongal, bikin girbin da ake dafa shinkafa da madara har tukunya ta tumbatsa, yayar mijinta Vasanthi ta sauka daga birnin Chennai da jaka guda ta garin kala. Ja, kore, shuɗi, da wani ruwan hoda mai ƙyalli. Samarin layi sun sa gasa bana, ƙofar da ta fi kyau za a ba ta tukunyar tagulla.

"Gobe ki zana mana tukunya tana tumbatsa, rake dama da hagu, rana a sama," in ji Vasanthi. "Ke layi, ni kala. Ƙofar gidan ubana ta gaji da zama fari fat kamar mai takaba."

Thenmozhi ta taɓa jan garin, ta shinshina. Warin fenti. Ta wanke yatsan da sabulu, ta sake wankewa, jan yana nan daram.

"Akka, da me ake yin garin nan?" ta tambaya. Akka, wato Yaya, take kiranta.

"Da kala mana."

"To kalar fa?"

"Sannu likita! Ashe asibiti guda ƙanena ya auro ba mu sani ba."

"Kayal tana cin kolam, Akka."

"Sai ki riƙe ta. Mu nan ƙasa muka ci, muka ci alli, ga mu garau."

"To ɗan lasa min in gani."

"Ni akuya ce?"

Wai a riƙe ta. Ranar Pongal, da madara a kan wuta da ba a ɗauke mata ido, da baƙi, da ganyen ayaba da za a shimfiɗa wa kowa. Kuma garin ba ranar zai ƙare ba, zai maƙale a tsagun ƙasa har mako ya zagayo. Thenmozhi ta juya wajen mijinta Murugesan, wanda ke ɗaure rake a jikin ƙofa. Nan take raken ya zama aikin da ba a ɗaga kai.

"Ku mata kun fi sanin wannan," ya ce wa raken. Namijin duniya ke nan.

Da asuba Thenmozhi ta share ƙofa, ta yayyafa ruwan kashin shanu, ta duƙa tana jera ɗigo sahu-sahu har faɗin ƙofar ya cika. Vasanthi ta leƙo da tawul a kafaɗa, ta ga girman filin, ta gyaɗa kai.

"Yauwa, yau kin yi hankali."

Ta shige wanka. Wankan Vasanthi kuwa, da shafa mai da naɗa zanen sari na siliki, ko shinkafa aka ɗora sai ta riga ta nuna.

Ɗigo ba ya faɗin abin da zai zama. Idan aka haɗa wannan da wancan, sai a sami tukunya da fure masu ciki, inda ake zuba kala. Akwai kuma na kakanni, wanda layin ba ya taɓa ɗigo ko ɗaya. Kewaye shi yake yi, ya ratsa kansa, ya lanƙwaso, ya yi ta tafiya har ya koma inda ya faro. Wannan ba a sa masa kala, ko mahaukaciya ta sani. Thenmozhi ta ɗebi gari tsakanin yatsu biyu, ta saki layin. Bayanta na ciwo, ba ta miƙe ba sai da bakinsa ya haɗu.

Vasanthi ta fito tana ƙamshi, da 'yan kwanonin kala a faranti. Ta tsaya.

"Ina tukunyar?"

"Tana kan murhu, Akka."

"A ina zan zuba wannan?"

"Ki duba da kyau, ko Allah zai sa ki sami gurbi."

Vasanthi ta ajiye farantin, ta rarumo tsintsiya. Daga ƙofar da ke kallonsu, tsohuwa Ponnammal ta ɗago kai daga nata zanen.

"Ke 'yar nan! Kolam ya rufu, rana na fitowa, ranar Pongal, ki sa masa tsintsiya? Share, 'yar albarka. Ki haɗa da arzikin ƙaninki ki kwashe gaba ɗaya."

Tsintsiyar ta koma inda take. Sake wani kuma babu hali, don Vasanthi ta manta yadda ake riƙe gari. A Chennai na leda take mannawa a ƙofa.

Samarin gasa suka zo, suka ce kai, aikin gargajiya, madalla, suka wuce da tukunyarsu gidan da aka zana ɗawisu mai kala bakwai. Vasanthi ba ta ƙara yi wa matar ƙaninta magana ba. Shinkafar zaƙi ta bikin ma da hannu ta nuna a ƙara mata. Thenmozhi ta san za ta sha labarin tukunyar nan a kowane biki har furfura ta fito mata.

Kayal ta farka tana miƙa hannu. Uwar ta share mata fuska, ta dire ta a bakin ƙofa, ta koma wajen madararta ba ta ko waiwaya ba.