Tatsuniyar Safinatu

Wata biyu da rasuwar Safinatu, mutanen Shagari ba su daina yabon haƙurin mijinta ba. Malam Sodangi bai yi hawaye a maƙabarta ba, bai fasa karatu ko na yini ɗaya ba, tuwon da maƙwabta suka aiko kuwa yana cinyewa tas. Aka ce ai ilimi ke nan, ya san mai bayarwa shi ne mai karɓa. Shi kaɗai ya san ba haƙuri ba ne. Zuciyar ce ta sage masa kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta ji.

Ana cikin haka sai Ɗanliti, magatakardan hakimi, ya yi sallama a zaurensa da hantsi, da takardu farare a hannu. Wai Baturen makaranta da ke Sakkwato yana son a rubuto masa tatsuniyoyi daga kowace gunduma, hakimi kuma ya ce ba mai kyan rubutun ajami kamar Malam.

"Tatsuniya?" in ji Malam. "Ƙaryar mata za ni zauna in ɓata ma tawada?"

"Allah shi gahwarta Malam, ni ɗan aike na. Ko guda ɗaya ta, a samu abin kai ma Nasara."

Bin na gaba bin Allah. Ya karɓi takardun ya ajiye bisa buzu.

To, ga inda abin dariya yake, in da mai dariya a gidan. Malamin nan da ya shekara ashirin da biyu yana cewa tatsuniya aikin wanda ba shi da aiki ne, akwai guda ɗaya da ya haddace kamar karatun allo. Safinatu kan yi wa matan unguwa ita in sun taru kaɗin auduga a tsakar gidanta bayan magariba, shi kuwa in ya dawo masallaci sai ya tsaya bayan zana, wai yana gyara takalmi. Takalmin nan ya sha gyara.

Ya fiƙe alƙalami ya fara rubutawa. Wani saurayi ne manomin albasa, aljanar rijiya ta gan shi ta so shi, ya ƙi ta, ta ɗauke shi ta kai shi bayan gulbi bakwai ta mai da shi dutse. 'Yan'uwansa maza suka yi ta wasa takobi suna cika baki, ba wanda ya wuce bakin gari. Sai budurwarsa ta ɗaura zane ta ɗauki muciya da faifai ta kama hanya. Ta ƙetare gulbi a kan faifai. Ta iske Dodo ya tare hanya, ta yi wa matarsa kitso mai kyau har matar ta hana shi cin ta. Wata tsohuwa ta ce mata, magana ɗaya ce za ki faɗa masa a kunne ya tashi, in kin kuskure ya tabbata dutse. Ta isa garin da tsuntsu ba ya kuka, ta same shi zaune, ta durƙusa, ta kai bakinta kunnensa.

Nan alƙalami ya tsaya. Malam bai taɓa jin abin da budurwar ta faɗa wa dutsen ba.

Tun da aka binne Safinatu bai so komai ba, ko ruwa sai don an miƙo masa. Yau sai ga shi yana son abu ɗaya, wato ya ji ƙarshen tatsuniyar nan. Ba don hakimi ba, ba don Bature ba. Ita ce maganar matarsa da ta rage bai ji ba, yana kuwa son ya ji ta ko a bakin wani ne.

Ya cire kunya ya tafi wurin Dije, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ba a taɓa zaman kaɗi babu ita ba. Ta yi mamaki har ta saki mazari, amma ta zayyano masa labarin tiryan-tiryan, faifai da kitso da komai. Da ta kai kunnen dutse sai ta tsaya.

"Sai mi?" ya ce.

"Wallahi Malam iyakar abin da nis sani ke nan. Ka tambayi Kaltume, yayar Sahinatu, can Boɗinga. Wurin uwa guda sunka koya."

Da tsohuwar zuma ake magani. Washegari bayan asuba ya ɗaura wa jaki akumari ya kama hanyar Boɗinga. An gama girbi, gonaki sai kara, masu lambu suna ta ban ruwan albasa a fadama. Duk wanda ya gaishe shi ya amsa, bai kuwa iya cewa ga fuskar ko mutum ɗaya ba. Azahar ta yi masa a bakin gari.

Kaltume ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa, ta dama fura ta ajiye gabansa. Mace ce doguwa mai kaifin baki, tun ranar ɗaurin aure ba ta taɓa jin tsoron rawaninsa ba. Suka yi wa mamaciya addu'a. Sa'an nan ya fito da takarda daga gafaka, yana kallon ƙasa, ya karanta mata abin da ya rubuta.

Ta saurara har ya tsaya. Ta ce, "Wagga ba tatsuniyar innarmu ta ba."

"Dije ta ce wurinta kunka koya."

"Ta innarmu, ɗiyar sarki anka sace, ɗan sarki yat tahi da doki da mashi yak kashe Dodo yaɗ ɗauko ta, anka yi biki. Ita ɗiyar ko uhum ba ta cewa tun hwarko har ƙarshe. Ina ka taɓa jin mace ta tahi ceton namiji da muciya? Wagga Sahinatu taƙ ƙaga abinta, bayan an kai ta gidanka."

Malam ya juya takardar a hannunsa. "To, ƙarshen fa? Ba ta hwaɗa miki ba?"

"Na tambaye ta, shekarar da niz zo mata wankan jego. Nic ce, ke wanga dutse naki yaushe za shi tashi? Tay yi dariya. Tac ce, Yaya, ai ban kai can ba. Kullum nik kai bakin kunne sai Malam shi gyara murya bayan zana shi shigo, mata su watse."

Gaskiya ne, bai kuwa taɓa lissafa shi a bakin komai ba. Yakan ji labari ya zo inda mace za ta faɗa wa namiji maganar so, a bakin matarsa, gaban matan unguwa, sai kunya ta kama shi ya yi gyaran murya. A zatonsa in ba ya nan tana ƙarasa musu.

"Ashe ta san ina tsaye," ya ce.

"Ta san takunka tun daga ƙohwar masallaci. In ba ka nan ba ta ma hwara wagga, wata taka yi musu. Tac ce min randa kat tsaya ba ka gyara murya ba, rannan za ta san abin da yarinya za ta ce mai."

Kuda ya sauka a bakin ƙwaryar fura, ba wanda ya kore shi. Malam ya dubi farin da ya rage a ƙasan takarda, wajen faɗin tafin hannu, wanda ya bari don ƙarshe.

"Ke a ganinki, Yaya, mi za ta ce mai?"

"Ni kaka tambaya? Shekara ashirin da biyu kuna ɗaki guda da mai amsa."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba, idonta ma ya cika. Ta sa bakin mayafi ta share, ta tashi ta shiga ɗaki ta bar shi da furarsa.

Ya zauna shi kaɗai a rumfa. Can sai ya ji abin ya taso masa a maƙogwaro, gyaran muryar nan da ya saba, yana neman fita don kansa. Ya danne shi. Ya yi shiru ya kasa kunne, ya jira, ya ƙara jira. Ba abin da ya ji sai wata mata tana daka a gidan maƙwabta.