Buhun Ƙarshen Wata

Direba ya tuƙa babbar mota har idanunsa suka gaji, kamfani ya sallame shi da ɗan fansho. Tun yana da ƙarfi ya kafa doka ɗaya a gidansa: ba a sayen abinci kaɗan-kaɗan. Ran da kuɗi suka shigo, sai buhun shinkafa, buhun wake, jarkar mai, katan na sabulu. Mai baro ya turo su har ƙofar gida, maƙwabta na kallo. Yakan ce wa 'ya'yansa duk mai sayen gwangwani-gwangwani, mai kanti yake yi wa bauta.

Dokar ta yi rana. Gidan cike yake a lokacin, ga nasa ga na 'yan'uwa, buhu ba ya kai wata. Da rarar da ake samu ya yi wa gidan rufin kwano.

Yara suka girma suka watse. Bara uwar gida ta rasu. Aka bar shi da ɗakuna a rufe da kujera ɗaya a tsakar gida. Dokar dai tana nan. Fansho na shigowa, baro na zuwa. Abin da ya rage sai ya sayi maganin hawan jini, ya sha har inda ya kai. Ba ya kaiwa ƙarshen wata.

Wata Asabar autarsa ta zo ba ta sanar ba. Ta same shi ya dafa bango yana jiran jiri ya sake shi. Ta zaunar da shi, ta ɗauko kwalin maganin daga kan taga. Babu ko ƙwaya.

"Baba, yaushe ya ƙare?"

"Bai daɗe ba."

"Ƙura ta hau kwalin, Baba."

Ta shiga ɗakin ajiya ta ɗebo abin da za ta dafa masa. Can ya ji ta yi salati. Buhuna ne jere a kan katako, wasu ko ɗinkinsu ba a farke ba. Ta sa hannu a na ƙasa, ƙwari suka biyo yatsunta. Waken ya zama gari. Man jarkar da ke lungu ya yi ɗaci.

Ta fito da tafin hannunta a buɗe.

"Su waye baƙin nan da kake ciyarwa? Ai ko haya ba sa biya."

"Ke, kama bakinki. A buhu ya fi araha. Da shi na raine ku."

"Da muna nan ke nan. Yanzu wa zai ci?"

"In kun zo fa? A ce an zo gidana ba a samu abinci ba?"

Ta kakkaɓe hannunta a zani. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Mun yi magana da su Yaya. Akwai ɗaki a wurinmu, an ma share shi. In na dawo wata mai zuwa na tarar da kwalin nan wayam, ba zan tafi ni kaɗai ba. Sai dai ka yi fushi da ni."

Ya san ɗakin. Yana jikin kicin, tagarsa tana kallon bango. A can surukinsa ne mai gida, shi kuwa sai dai a riƙa kai masa kwano.

"A gidana zan mutu," ya ce.

"To ka sha magani, kada ka yi gaggawa."

Fansho ya shigo. Ya sa hula, ya ɗauki sanda, ya nufi kanti. Mai kantin sa'ansa ne, shekara da shekaru suna zagin juna. Tun daga nesa ya hango shi ya ɗaga murya.

"Ga Babban Direba! Mai baro, matso, yau ka ci abinci!"

Mai baro ya riga ya kama kunnen buhun shinkafa. Mata na tsaye a bakin kanta da 'yan kwanukansu, suka matsa suka ba shi wuri kamar yadda suka saba.

"Ajiye," in ji Direba.

"Wannan ba ta yi maka ba? Akwai mai tsada a ciki."

"Kwano biyu za ka auna min."

Mai kanti ya sa hannu a bayan kunne. "Ko dai tsufa ya taɓa min ji? Kai da ka ce mu ɓarayin awo ne?"

"Har yanzu ɓarawo ne kai. Cika kwanon, ina kallon babban yatsanka."

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya ta rufe baki. Direba bai juya ba. Ya ƙara wake kwano ɗaya, mai kwalba ɗaya, sabulu guda. Mai kanti ya dube shi, ya dubi ledar, ya bar zolayar. Ya ɗaure bakin ledar a hankali.

"Su yaran suna lafiya?"

"Suna lafiya."

Daga nan ya shiga kemis ya sayi maganin wata guda cif. Sauran kuɗin ya naɗe ya sa a aljihun ciki. Rabon da ya baro kasuwa da wani abu a aljihun nan, tun uwar gida na da rai.

Ya kamo hanya da leda a hannu ɗaya. Babu ƙarar taya a bayansa. Tela da ke bakin layi ya ɗago kai, ya leƙa bayan Direba yana neman baro, sannan ya mayar da kansa kan keke.

Tsofaffin buhunan ya ba maƙwabciya mai kaji, ta kwashe tana ta godiya. Ya share ɗakin ajiyar da kansa. Tarinsa ma amsawa yake a ciki. Ya ɗora ledar a tsakiyar katakon, ya tsaya yana kallonta.

Manyan tukwane na kife inda marigayiya ta bar su. Ya lalubo 'yar ƙaramar da take dafa masa ruwan shayi, ya zuba shinkafa tafi biyu.

Waya ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, ka sayi maganin?"

"Na saya."

"Buhun fa?"

"Ki ce wa mijinki ya zuba kayansa a ɗakin nan da kuka share min."

Ta yi dariya, ta ce yara na kiranta, za ta sake bugowa. Ya ajiye wayar. Ya haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwa, ya ja kujerarsa kusa da murhu, ya zauna yana jiran tukunyar ta tafasa.