Shafi na Arba'in da Ɗaya

Mu tara ne muka fara, shekara goma sha bakwai da suka wuce, duk 'yan layi ɗaya a unguwar Achara, nan Enugu. Ni Ukamaka ni na kafa ƙungiyar, wata biyu bayan na ajiye shugabancin makarantar 'yan mata, don na ga in na ci gaba da zama daga ni sai bango, to zan fara ba kujeru aikin gida. Tsarin ba wuya. Littafi ɗaya a wata, kowa ya karanta, ranar Asabar ta ƙarshen wata da ƙarfe huɗu a haɗu a gidan wanda layi ya zo kansa. Mai masauki zai kawo goro biyu. A fasa ɗaya a buɗe taro, ɗayan kuma a miƙa wa wanda za a je gidansa wata mai zuwa.

Da hannuna na rubuta dokokin, guda shida. Ta huɗu ce na fi ji da ita: duk wanda ya zo taro sau uku bai karanta littafin ba, ya huta a gidansa. Ƙungiyar karatu ce, ba ta cin okpa, alalarmu ta gurjiya, da gulma ba. Da wannan dokar na sallami Veronika mai kantin magani, ta kuwa yi shekara biyu ba ta gaishe ni a coci ba. Ko a jikina.

Sauran ba ni na kore su ba. Biyu ƙasa ta rufe musu ido, ɗaya ya koma ƙauye. Uku kuwa jego ne ya cinye su. 'Ya ta haihu a ƙasar waje, uwa ta ce za ta je wankan jego na wata uku, shi ke nan, sai dai ki ga hotonta cikin ƙatuwar rigar sanyi. Ya rage daga ni sai Mazi Aneke.

Jama'a, cikin mutum tara a ce shi Allah zai bar mini! Tsohon ma'aikacin reluwe, mai taurin kan tsiya, wanda in kika ce masa ruwa ake yi, sai ya leƙa waje ya ce yayyafi ne. Matarsa ta riga mijina rasuwa da shekara biyu. Hedimasta yake kirana, ko Madam ba ya ƙarawa, ni kuma in ce masa Ɗan Reluwe. Wata ɗaya a gidana, wata ɗaya a gidansa, goro yana ta kai da kawowa tsakanin gida mai lamba shida da mai lamba goma sha tara.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba. 'Ya'yana biyu duk suna nesa. Waya ranar Lahadi, minti biyar, rabinta "Mama, kina jina?" In ka cire mai duba mitar wuta, babu mai taka falona sai Mazi Aneke. Nakan yi kwana biyu ban ji muryata ba, har sai na yi gyaran murya in tabbatar tana nan. Kaɗaici ya ci ni, ba kaɗan ba. A wata guda rana ɗaya nake samun wanda zai ce mini "ba haka ba ne", kuma tun ranar Laraba nake fara goge kujeru saboda ita.

To, sai na fara lura da wani abu. A da, mutumin nan zuwa yake da littafinsa cike da guntayen takardu, yana ta zaro lambobin shafi. Ya taɓa tashi ana tsakiyar taro ya koma gida ɗauko wani littafi, don kawai ya nuna mini na yi kuskuren shekara ɗaya. Yanzu kuwa sai ya zauna ya ce, "Fara, Hedimasta, mu ji shirmen wannan watan." Duk abin da na yaba ya kushe, duk abin da na kushe ya yaba. A watan Mayu bakina ya kuɓuce na kira tauraron labarin da sunan surukinsa, har sau biyu, Mazi bai gyara mini ba. Shekara talatin da biyar ina koyarwa. Na san fuskar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Taron Yuni a gidana ne. An sha ruwa da rana, gari ya yi sanyi. Na jera okpa mai zafi, da yalo, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai yaji. Littafin watan labarin wa da ƙane ne, masunta, masu kwalekwale ɗaya. Na miƙa wa Mazi goro, ya fasa, don a al'adarmu mace ba ta fasa goro, ya yi doguwar addu'arsa wadda sai ta bi ta kan kakanninsa duka kafin ta iso kaina.

"Fara, Hedimasta."

"Ni abin da ya ba ni haushi," na ce, "wurin nan da ƙanen ya cinna wa kwalekwalen wuta."

"Haushi? Haba! Ai nan ne kaɗai marubucin ya yi abin kai. Ke kin fi son a yi ta kuka ana rungume juna. Mutum an cuce shi shekara da shekaru, me kike so ya yi, ya yi wa jirgin fenti?"

Na bar shi ya yi ta zuba, har da buga hannun kujera. Da ya tsaya shan ruwa na tura masa littafin.

"A wane shafi yake? Buɗe ka nuna mini."

Ya ɗauki littafin. Ya shafa bangon da babban yatsansa, ya juya shi, ya ajiye bai buɗe ba.

"Babu wanda ya ƙone kwalekwale, Mazi. Ni na ƙirƙira, yanzun nan. Ka ji mutum! Dattijo da kai, da furfurarka, ka zo ka zauna kana cinye mini okpa kana raina mini hankali? In karatun ne ya ishe ka, ba sai ka faɗa ba? Wata nawa kana yi mini wannan wasan?"

"Goma sha huɗu."

"Na'am?"

"Wata goma sha huɗu. Tun Afrilun bara." Ya cire tabarau, ya ajiye a cinyarsa. "Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa. Ina ganin hasken taga. Ina ganin farin ɗankwalinki, in fari ne. Rubutu kuwa ya tafi."

Shuɗi ne ɗankwalin nawa.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Doka ta huɗu," ya ce. "A gabana kika sallami Veronika. Kuma in na tafi, wa zai rage miki?"

Yanzu na san abin da ya kamata in ce. Na faɗe shi ya fi sau ɗari a kicin, ni kaɗai. Amma ranar kunya ce ta kama ni, ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ko ma mene ne, ƙarya ba ta dace da dattijo ba."

Ya mayar da tabarau, ya lalubo sandarsa, wadda na ɗauka ta ciwon gwiwa ce, ya ce na gode da abinci. Goro na biyu yana kan faranti, bai ɗauka ba. Na bi shi har ƙofar gida. Yana tafiya a hankali, yana taɓa bakin kwata da sandar, yana tsayawa a kowace ƙofa kamar mai ƙirga. Wata goma sha huɗu yana tafiya haka, ni ban taɓa gani ba, kullum ina ciki ina kwashe kwanuka.

Kwana uku na yi ina gaya wa tukwane cewa ni ce da gaskiya. Rana ta huɗu na daina, don ko ni ban yarda ba. Shi ɗan Katolika ne, ni 'yar Anglika, ko a coci ba ma haɗuwa. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Girman kai dai, ba wani abu ba. Goron na naɗe shi a ɗanyen ganye ina yayyafa masa ruwa. Littafin Yuli kuma, da na saya tun tuni, na ajiye shi a kan tebur na ƙi buɗewa, don na yanke shawarar tare za mu fara shi.

Asabar ta ƙarshen Yuli ta zo, ba wanda ya gayyace ni. Huɗu saura kwata na ɗaura ɗankwali, na ɗauki goron da littafin, na nufi lamba goma sha tara.

Kwalaye na tarar jibge a baranda, an ɗaure su da igiya. 'Yarsa Ebele, wadda ke aure a Fatakwal, ta fito da tsintsiya a hannu, ta durƙusa.

"Mama, sannu da zuwa. Ai da zan shigo gaishe ki kafin mu wuce."

"Ku wuce ina?"

"Papa bai gaya miki ba? Gobe bayan coci zan tafi da shi. Shekara guda ina roƙonsa ya dawo wurina, yana cewa yana da taro duk wata, ba zai iya bari ba. Sai mako uku da suka wuce ya kira ni da kansa, ya ce in zo, taron ya ƙare."

Na dafa ƙarfen baranda. Sannan na shiga.

An kwashe falon tas, har hotunan bango, sai kujeru biyu suna kallon juna. Yana zaune a ɗaya, da hularsa ja.

"Kin makara da minti uku, Hedimasta. Doka ta biyu."

"A ina ka ga agogo?"

"Ƙararrawar coci na ji. Kunnena ƙalau."

"Wannan kujerar fa, ta wa ce?"

"Ta ɗora ƙafa ce. Amma tunda kin zo, zauna."

Na zauna, na sa masa goron a tafin hannu. Ya shinshina, ya fasa, addu'ar yau gajera ce.

"Na soke doka ta huɗu," na ce.

"Ba a soke doka sai da mutum uku. Doka ta shida. Ke kika rubuta."

"To na yi maka laifi, Mazi. Na ci mutuncinka a gidana, kuma kai kake rufa mini asiri ban sani ba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana tauna goro. "Wane littafi ne wannan watan?"

"Labarin wata mai ɗinki ce da ta tafi neman ƙanwarta. Abin da ke bayan bango ke nan. Ban karanta ba."

"Ke? Ba ki karanta ba?" Ya fashe da dariya har da tari. "Tabɗi! Sau ɗaya ke nan. Saura biyu a kore ki."

"Rufe mini baki ka saurara."

Na buɗe shafin farko na fara karantawa da ƙarfi. Ya jingina, ya lumshe ido. Sau ɗaya kawai ya katse ni, wajen shafi na ashirin, ya ce, "Tsaya, wannan a littafin yake, ko ke ce?" Na ce masa Ɗan Reluwe marar kunya, na ci gaba. Ebele ta kawo ruwa ta fita a hankali. Na yi ta karatu har hasken taga ya rage, muryata ta dushe. Shafi na arba'in ya ƙare daidai inda mai ɗinkin ta isa wani gida ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ashe muryarki da daɗi in ba faɗa kike ba," ya ce.

Nan hawaye ya zo mini. Abu mai sauƙi haka! Wata goma sha huɗu da mun yi muna wannan, ba ma sau ɗaya a wata ba.

"Ka zauna, Mazi. Zan riƙa zuwa kullum in karanta maka. Kullum."

"An riga an ba da gidan haya, Ukamaka."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro, sabo, ja, ya miƙo ta inda yake jin muryata.

"Wata mai zuwa gidanki ne."

"Wa zai fasa mini?"

"Karɓi dai. Haka tsarin yake."

Sau biyu muka gwada karatun ta waya. Jikoki na ihu a bayansa, layi na yankewa, ina karantawa yana cewa, "Hedimasta, kina jina?" Ba mu gama ko rabin sakin layi ba. A karo na biyu ya ce in bari, zai zo da kansa in Ebele ta samu hutu.

A watan Agusta na goge kujeru, na zauna har shida. Yau kuma Asabar ce ta ƙarshen Satumba. Na sayi okpa biyu don hannuna ya saba. Goron yana kan faranti, ya fara yamushewa, ni kuwa mace ce, tunda aka haife ni ban taɓa fasa goro ba. Littafin na kan cinyata, da guntuwar takarda a shafi na arba'in da ɗaya. Har yanzu ban san wanda ya buɗe wa mai ɗinkin ƙofa ba.

An kaɗa ƙararrawar huɗu. Sau uku ke nan ina zuwa taro ban karanta littafin ba, kuma babu wanda zai ce mini in huta a gidana.