Sifili Biyu a Gaba

A ofishin kowa na da labarin da yake bayarwa a kan Shugaba Tonegawa. Wasu sun ce shekara ashirin da shida yana aiki, ba a taɓa jin ya ce laifinsa ne ba. Wasu sun ce ko sunayen masu son abincin rana sai an zuba su a jadawalin kwamfuta, an buga, ya danna jan hatiminsa. Mai shara ta ce ya taɓa taka mata ƙafa, ya tsaya yana kallonta har ita ta ba shi haƙuri.

Mizuho Kageyama, mai rubuta manhaja, ta sha jin wannan. Yau ga ta tsaye gaban teburinsa, shi yana goge tabarau.

"Ma'aunin sanyi ɗari biyu muka haɗa wa ma'ajiyar kifin nan ta bakin tashar ruwa," ya ce. "Tara sun ƙi aiko da komai. Wa ya rubuta manhajar?"

"Ni ce, Shugaba."

"To. Ƙarfe uku za mu wurin manajarsu, Isozaki-san. Ki sayi kwalin alewar ban haƙuri, ki sunkuya yadda ya kamata. Ban da dogon bayani."

Kwantiraginta zai ƙare ƙarshen Maris, saura kwana tara. Ta san wanda aka kai ya sunkuya gaban mai ba da aiki, ba a sabunta masa.

Ta koma kujerarta. Hamaguchi, tsohon mai gwajin manhaja da ke gefenta, ma'aikacin dindindin, yana cin dunƙulen shinkafa.

"Ki sayi mai tsada," ya ce. "Ni sau huɗu na yi. Bayana ya san hanya."

"Ka bar ni, don Allah."

Kowane ma'auni yana da lambar shaidarsa. A cikin na'ura, sifili da ɗaya ne guda talatin da biyu a jere, abin da ba mai iya karantawa. Shi ya sa ake taƙaita su zuwa gurbi takwas, da alƙaluma da haruffan A zuwa F, kowane gurbi yana wakiltar huɗu. Ta ɗauko jerin da ta fitar da hannunta, ta ajiye kusa da takardar da aka bai wa masu kafa na'urorin. Ta bi su da yatsa. A nata, 00417250. A takardar, 417250. Ta duba sauran takwas ɗin. Dukkansu babu harafi ko ɗaya a ciki, dukkansu sun rasa sifili biyu na gaba.

Ta dafe goshi. Ta tuna ranar da Tonegawa ya ce ba a fitar da zallar rubutu ba jadawali daga ofishinsa, ya kwashe jerin ya zuba a jadawalinsa. Masu harafi, jadawalin ya bar su yadda suke. Marasa harafi ya ɗauke su adadi, ya share musu sifilin gaba. A ƙasan takardar ga jan hatimi zaune daram.

Ta kai masa takardun biyu.

"Sifili a gaba ai ba komai ba ne," ya ce bai ko karɓa ba. "Bakwai da sifili-bakwai duk ɗaya ne. Jikata ma ta sani."

"Shugaba, wannan ba ƙidaya ba ce, suna ne. Na'urar gurbi takwas take jira. In ta ga shida..."

"Shekara nawa ina aiki da jadawalin nan? Kin sayi alewar?"

Ta juya da takardunta, ta nufi sayen alewar. Hamaguchi ya ɓoye fuska bayan kwamfutarsa, kafaɗunsa suna rawa.

Isozaki, manajar ma'ajiyar, ta tare su da takalmin roba da ƙatuwar rigar sanyi. Ko kujera ba ta nuna musu ba.

"Kwana uku ma'aikatana suna shiga ɗakunan nan duk awa suna karanta sanyi da ido. Ku shiga minti biyar ku ji. In kifin ya lalace, alewa zan sayar?"

Tonegawa ya yi gyaran murya, ya kalli Mizuho, ya kalli kwalin da ke hannunta. Ta ajiye kwalin a kan wani akwati.

"Isozaki-san, ki ba ni minti biyu da takardar da aka aiko miki."

Ta tsaya gaban allon da ke bangon ofishin, inda fitilu tara suka yi ja. Ta shigar da lambar ma'aunin ɗaki na huɗu kamar yadda take a takardar. Ja. Ta goge, ta sa sifili biyu a gaba, ta sake. Kore. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yatsunta suna ƙamewa don sanyi, har ja ya ƙare.

Isozaki ta karɓi takardar ta matso da ita kusa da ido.

"Sifili biyu? A kan sifili biyu mutanena suka daskare? Wa ya cinye su?" Ta kai yatsa ƙasan takardar. "Hatimin wa ye wannan?"

Injinan sanyi suna ta gurnani ta bayan bango. Tonegawa ya juyo ya zuba wa Mizuho ido, irin kallon da mai shara ta ba da labarinsa. Kalmar ban haƙuri ta taso mata har maƙogwaro, don sabo. Ta haɗiye ta. Ta ɗauko kwalin alewar da hannu biyu ta miƙa masa, ta ci gaba da miƙawa har hannayenta suka fara sagewa.

Kunnuwansa suka yi ja. Ya karɓa. Ya juya wajen Isozaki ya sunkuya, a hankali, kamar mai ciwon baya.

"Nawa ne. Ni na ɓata lambobin."

Ya ɗago, bai tafi ba. Ya juyo wajen Mizuho ya sake sunkuyawa, wannan karon ya fi na farko ƙasa, ya haɗa sunanta da "san" na girmamawa.

"Kageyama-san, kin faɗa mini, ban saurara ba. Ki yi haƙuri."