Saje da Haƙoran Roba

Shekara ashirin da shida Saje ya yi yana busa begila a ƙungiyar badujalar 'yan sanda. Shi ke gaba a fareti, shi ke busawa idan za a sauke tuta. Sai wata Talata, yana kan kekensa zai tafi bariki, motar yashi ta matse shi ya faɗa kwata da baki. Haƙora huɗu na sama suka zube.

Likita ya yi masa na roba. Murmushinsa har ya fi na da kyau, amma da ya ɗora begila a leɓe sai haƙoran suka zame, iska ta fita fuu, ba sauti. Wata uku ana yi masa uzuri, a na huɗu aka miƙa masa takardar ritaya.

"Shi ke nan, Malam, sai ka huta," in ji matarsa. "Ni ma kunnena ya sha iska."

"Wa ya ce miki na gaji?"

Ƙanwarsa, wadda ke koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ita ta ba shi labarin kayan badujala da aka jibge a siton makarantarsu. Ya je ya roƙi shugabar makarantar ta buɗe masa. Ƙahonin tagulla goma sha ɗaya ya tarar, duk sun yi kore, ɗaya ma zanzaro ya yi gida a cikinsa. Mako biyu ya yi yana wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, yana ɗiga wa maɓallan man keken ɗinki, yana daidaita inda ya lotsa da ƙotar guduma.

'Yan mata goma suka ba da suna. Ranar farko ya yi ta bayani: a matse leɓe, a ja numfashi daga ciki, kada a kumbura kumatu. Wata mai tsiwa da suke kira Doguwa ta ɗaga hannu.

"Malam, mu fa ba mu gane ba. Ka busa mana mu ji."

Ya san abin da zai faru, amma ya ɗauka ya busa. Wani irin gurnani ya fito, haƙoran suka leƙo waje. Aji ya ɓarke da dariya, har da mai riƙe ciki. Saje ya mayar da haƙoransa da babban yatsa, ya jawo kujera ya zauna a layinsu.

"To, kun dai ji. Ni da ku ajinmu ɗaya. Sai mu ga wa zai riga wani."

Daga ranar, kullum bayan karin kumallo sai ya tsaya gaban madubi da bakin begila kawai a hannu. Ya samo man liƙe haƙori a kantin magani. Ya gano idan ya ɗan karkata begilar zuwa hagu, inda yake da nasa haƙoran, tana zama. Dasashinsa ya yi ta jini, yana kurkurewa da ruwan gishiri ya ci gaba.

"Maƙwabta sun aiko," matarsa ta ce wata safiya. "Wai akuyarmu ba ta da lafiya ne?"

"Ki ce musu tana samun sauƙi."

A wata na biyar sautinsa ya dawo, mai tsabta, amma na ƙasa kawai. Na sama sun tafi, ya kuma sani. Doguwa kuwa har ta fara hawa inda shi ba ya kaiwa.

Da ranar rabon kyaututtuka ta matso, shugabar makaranta ta ce shi take so ya ja gaba, tunda manyan baƙi sun san shi.

"Ranki ya daɗe, ba zan kai ba. Yarinyar can, Doguwa, za ta kai."

"Idan ta rikice fa?"

"Ina bayanta."

Ranar taron ya saɓa wani babban ƙaho mai nauyi da kowa ke gudu, ya tsaya a layin baya. Kiɗa na farko ya tafi daidai. A na biyu Doguwa ta hango mahaifiyarta cikin taro, numfashinta ya sarƙe, sauran suka fara watsewa. Saje ya ƙara ƙarfi, bum, bum, yana buga ƙafa a ƙasa, har suka kama shi ɗaya bayan ɗaya. Doguwa ta share hawaye da kafaɗa ta shigo, ta kai kiɗan ƙarshe.

Ran Litinin ya tarar da 'yan mata talatin da biyu a ƙofar sito, ga ƙaho goma sha ɗaya. Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya raba su gida uku.

"Doguwa, ɗebi na farko ki kai su ƙarƙashin bishiya. Ku kuma ku samo bokiti, wankin ƙaho za ku fara koya."