Wace Riga Ta Sa?

Ina cikin jan gadon Clarrie Dunstan zuwa tsakiyar ɗaki sai ga 'yarsa Noeleen ta shigo da tukunyar miya.

"Kawu Merv, za ka karya bayanka."

"Bayan da rami ya rufta wa bai karye ba, gadon ƙarfe ne zai karya shi? Matsa ki ga aiki."

Ni kaɗai na ja shi, da mutum a kai, da ƙafata ɗaya da shan inna ya shanye. Ku tambayi kowa a Broken Hill wane ne Merv Pascoe. Ban yi boko ba, sunana ma da ƙyar nake zanawa, amma ƙuruciyata duk a ramin haƙar dalma na ƙare ta, kuma duk waɗanda suka ce ba zan yi rai ba ni na raka su makabarta.

Dalilin jan gadon shi ne, tun da Noeleen ta zo daga Adelaide, da ta shigo sai uban ya juya fuska bango. Likita ya ce huhunsa ya ƙare, kwana kaɗan suka rage. Ni yana kallona, har ya zage ni. Matar da ke kawo magani ma yana kallonta. 'Yar cikinsa ce kawai ba ya kallo. Na ce to, bari mu raba shi da bangon.

Sai ya rufe ido.

"Kai, ɗan banza, buɗe idonka. Yarinya ta yi tuƙin yini guda saboda kai."

"Barci nake ji," in ji shi.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, amma maƙwabtakarmu ta girmi gidajen. Gado da gado muka kwanta a asibitin yara masu shan inna, ko tsawon tebur ba mu kai ba. A wancan zamanin uwa ba ta kwana da ɗanta a asibiti. Lahadi ɗaya a wata ake barinta ta shigo, wai zuwan iyaye yana tayar wa yara da hankali. Ni kam na yi kuka. Ba a taɓa yin yaro mai kuka irina a ɗakin nan ba, har titi ake jina. Saboda haka aka hana uwata zuwa gaba ɗaya.

Clarrie ya yi nasa kukan na ɗan lokaci, sai ya yi tsit. Ya ci abin da aka ba shi, ya yi wa kowa murmushi. Wani likita mai nazarin halin yara ya zo daga Sydney da na'urar ɗaukar fim, ya kafa ta a ƙafar gadonsa. Shi ne yaron kirki, wanda ya saba. Ni ko kallo ban ishe shi ba.

Ranar da uwarsa ta zo, ta miƙa hannu, sai ya juya bango. Babbar nas ta ce mata, "Kin gani? Ya natsu abinsa. Ki rage zuwa, don amfaninsa." Matar ta rage. Daga baya ta daina. Amma duk ranar da ta zo, da ƙarar takalminta ta ɓace, sai ya raɗa mini, "Merv, wace riga ta sa?"

Da la'asar na iske Noeleen a baranda tana tura kaya cikin jaka. Na zayyana mata wannan duka.

"Na sani, Kawu. Fim ɗin ma na gani, a makarantar koyon jinya aka nuna mana. Yanzu cewa suke ba sabawa ya yi ba. Yaro ya fara da kuka, sai ya yanke ƙauna, sai ya janye daga wanda ya fi so don kada a sake tafiya a bar shi."

"A kansa suka koyo," na ce, "amma ba wanda ya zo ya gaya masa."

"Ni na gaya masa. Ya ce in miƙo masa gishiri." Ta ja zif ɗin jakar. "Ranar aurena ma ba ni ya kalla ba, sai bayan motar da ta ɗauke ni. Na san dalili, amma sanin bai sa ya taɓa kallona ba."

"Ki kwana, 'yata. Ba zai kai Asabar ba."

"Yara na can ba kowa. Ni ba zan bar nawa su saba ba."

"Da kin fita zai tambaye ni rigarki."

"To ya tambaye ni mana."

Ta koma ɗakin, ta tsaya a kansa. "Baba, zan tafi." Ta jira. Ƙuda na yawo a bakin tukunyar miyar. Idon nan a rufe kamar an ɗinke. Ta gyara masa bargo, ta fita.

Sai da ƙarar motar ta sha kwanar layinmu ya buɗe ido.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, tsohon kawai. Ka kore ta."

Ya daɗe yana neman numfashi. "Wace riga ta sa?"

Na so in ƙi gaya masa. Ni da na yi dambe da ƙarti a mashaya, sai ga shi na kasa hana shi amsa.

"Shuɗiya. Mai fararen maɓallai. Ɗaya ya kusa cirewa."

"Ta rame?"

"Ta rame."

Washegari da hantsi Clarrie ya cika, ina zaune a gefensa da kofin shayi. Ba wanda ya mayar da gadon wurinsa. Yana nan tsakiyar ɗaki, ga sawun ƙafafunsa huɗu a kan leda, fuskar Clarrie kuwa tana kallon ƙofa.